Ranar da Aka Zare Facin Gyang

Akwai wata Laraba ta farkon damina da har yau ba ta fita daga raina ba. Ranar aka yi mini tambaya guda a taron aiki, na faɗi iyakar abin da na sani, abokin aikina ya tashi daga kusa da ni ya yi tafiyarsa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake jan ƙafa kafin in amince da sabon zubi. Bari in ba ku labarin, ku auna da kanku.

Sunana Bilkisu, a unguwar Dilimi a Jos aka haife ni, can na girma. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a saman bene, kusa da kasuwar Terminus. Aikinmu shi ne kafa wa makarantu da ƙananan asibitoci babbar kwamfutar da ake kira saba, mu kuma riƙa kula da ita. Mutanenmu ba su da halin sayen saba da yawa, don haka muke amfani da wata manhaja mai raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar gida mai ɗakuna. A cikin ƙarfe guda za ka tarar da kwamfutar rajistar marasa lafiya, da ta sakamakon gwaji, da ta ma'ajiyar magani, kowacce tana harkarta kamar ita kaɗai ce. A ofis muna kiran babbar mai masauki, na cikinta kuma baƙi.

Manhajar ba mallakin wani kamfani ba ce. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, wanda ya ga abin gyara ya rubuta ya aika. Abin da aka aika shi muke kira faci, kamar dai na taya. Manyan masu kula da aikin suna warwatse a ƙasashe daban-daban, su ne ke dubawa, in ya yi musu su karɓa. Lokaci zuwa lokaci sai a tattara duk abin da aka karɓa a fitar da sabon zubi. Kafin fitarwa akwai abin da muke ce wa rufe ƙofa. Daga ranar ba a karɓar sabon abu, sai gwaji da ƙananan gyare-gyare, har ranar da aka tsayar ta zo.

Oganmu, Injiniya Ɗanladi, yana cewa tunda da wannan manhaja muke cin abinci, bai kamata mu tsaya a karɓa kawai ba. Shi ya ware mana lokaci muna taimaka wa aikin. Ni rabona gwajin koma-baya ne. Ba sabon abin da aka ƙaro nake dubawa ba, wannan masu shi sun riga sun duba. Tambayata guda ce: abin da yake aiki jiya, yau ma yana yi? Masu aikin suna daraja gwajin Jos saboda mu ne masu tsofaffin ƙarafa. Su na'urorinsu sababbi ne, baƙinsu sababbi, wutarsu ba ta ɗaukewa. Ni kuwa a ɗakina akwai saba da muka tsinto a hannun 'yan gwanjo, da baƙin da aka ƙirƙira tun wani zubi da masu rubuta shi ma sun manta da shi.

Teburin da ke kusa da nawa na Gyang ne, ɗan Berom, mai rubuta manhaja. Mutum ne mai yawan dariya, kuma shi ya laƙaba mini Hajiya Gwaji har sunan ya bi ni. Gyang ya daɗe yana fama da wata matsala da duk muka sani. Ana iya kwantar da baƙuwa, wato a kwashe duk abin da take cikin yi a ajiye a faifai, in an tashe ta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Amma kwantarwar tana cin lokaci, kuma sai mutum ya yi da hannunsa. Batiran inbatocin mutanenmu kuwa, wato na'urorin da ke riƙe wuta in an ɗauke, yawancinsu sun gaji. A ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kafin a ankara saba ta mutu da baƙinta a tsaye, aikin wunin ya tafi.

Facin Gyang shi ne maganin wannan. Da zarar inbata ta nuna batir ya kusa ƙarewa, mai masauki zai kwantar da baƙinsa duka da sauri, ba sai an taɓa shi ba. Don samun saurin sai da ya sauya yadda ake rubuta abin da aka kwashe, da yadda ake karanto shi. Ya kusa shekara yana aikawa ana dawo masa da shi. Na sha ganinsa yana rubuta dogon bayani ga mutanen da ba su taɓa ganin an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba. Daf da rufe ƙofa aka karɓa. Shi ne babban abu na farko da ya fito daga ofishinmu. Oga ya yi ta shelarsa ga masu hulɗa da mu, musamman Madam Talatu, mai ɗakin gwajin jini a unguwar Congo-Russia, wadda wuta ta fi kowa wahalarwa.

Da aka rufe ƙofa na fara gwajina kamar kullum. Akwai wanda ba na tsallakewa, domin haka kowa ke yi in zai sabunta manhaja: ka kwantar da baƙi a tsohon zubi, ka ɗora sabo, ka tashe su. Na yi haka da wata tsohuwar baƙuwa. Ta tashi lafiya lau, ba ƙorafi ko ɗaya. Sai da na kwatanta abin da ke cikinta da yadda yake kafin ta kwanta na ga fayil guda ya sauya. Wasu haruffa sun koma shirme. Na sake yi, ƙalau. Na sake, ƙalau. Har na fara zargin faifan ne ya tsufa, sai ga shi ta sake yi, a wani fayil daban.

A aikinmu matsalar da ta fi ban tsoro ba ita ce mai kashe kwamfuta ba. Wannan kowa zai gani ya kira mu. Abar tsoro ita ce mai barin komai yana tafiya alhali ta ɓata abu a ciki. In sakamakon jinin wani ne a fayil ɗin, ba wanda zai sani sai an ba shi maganin da ba nasa ba.

Na bi hanyar da aka saba don gano mai laifi. Ka cire rabin duk facin da aka karɓa ka gwada, in matsalar tana nan ka san tana cikin ragowar, ka sake raba su biyu. Ina yi ina addu'ar ta faɗa a kan na wani da ban sani ba. Ta faɗa a kan na Gyang.

Ƙa'ida ita ce in rubuta rahoto a dandalin aikin, inda kowa ke gani. Kafin in rubuta sai na juya kujerata.

"Gyang, zo ka ga wani abu."

Ya zo yana taunar gyaɗa. Na nuna masa fayil ɗin kafin da bayan. Ya daina taunar.

"Faifanki ne, Hajiya Gwaji. Wannan ƙarfen ya girmi ɗana."

"Na sauya faifai. Na cire facinka, ba ta yi. Na mayar, ta yi."

Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Abeg, ki ba ni zuwa gobe kafin ki rubuta."

"Zan rubuta yau, amma zan ce kana kai. Akwai masu gwada zubin nan a kan baƙi na gaske, Gyang. Ba zan kwana da shi a cikina ba."

Bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba. Gaskiya kuma ya nuna ƙwarewarsa. Washegari kafin azahar ya gano abin. Tsofaffin baƙi suna jera bayanansu ta wata hanya da aka daina amfani da ita, shi kuma sabon rubutunsa wani lokaci yakan fara karantawa kafin jerin ya kammala. Ya rubuta gyara, gajere, mai tsabta. Na ɗora na gwada, ban ga matsalar ba. Na sake, ban gani ba.

"Kin gani?" in ji shi, dariyarsa ta dawo. "Wannan matsala na san shi, na kashe shi."

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Tun asali ba kullum take fitowa ba. Abin da ke zuwa sa'ad da ya ga dama, rashin ganinsa na wuni guda ba shaida ba ne. Don in tabbata sai na bar na'urori suna kwantarwa suna tasarwa na tsawon makonni, a kan baƙi iri-iri. Ranar fitarwa kuwa Juma'ar makon ce, kuma ba ta ɗaguwa cikin sauƙi, domin akwai gyaran wata ɓarakar tsaro a cikin zubin da mutane a ko'ina suke jira.

Ranar Laraba da la'asar aka yi taron ƙarshe ta intanet. Mai jagorantar fitar da zubin wata mata ce da muke kira Madam Marta. Ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani, mai sanyi, ba ta gaggawa. Mu uku muka zauna gaban lasifika ɗaya, ni da Gyang da Oga. Ta bi matsaloli ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan tamu. Ta ce hanyoyi uku ne: a ɗaga ranar, a fitar da facin tare da gyaransa, ko a zare shi gaba ɗaya ya jira zubi na gaba. Ta ce ta farko ba za ta yiwu ba.

Gyang ya yi bayani, kuma ya yi shi da kyau. Ya faɗi dalilin matsalar, ya faɗi yadda gyaran ya toshe ta. Ya ce a garinsu damina ta kama, kuma kowane hadari yana zuwa da ɗaukewar wuta. Wani daga cikin manyan ya ce ya karanta gyaran, a idonsa daidai ne.

Sai Madam Marta ta ce, "Bilkisu, ke kaɗai kika taɓa ganin matsalar nan da idonki. Kin tabbata gyaran ya kawar da ita?"

Ina jin numfashin Gyang a gefena. Oga ya kafa wa tebur ido. A zuciyata na fi karkata ga cewa gyaran daidai ne, na san aikin Gyang. Amma ba abin da nake zato aka tambaye ni ba.

Na ce, "Tun da aka ɗora gyaran ban sake ganinta ba. Amma ban gwada yadda zan ce na tabbata ba. Ban sani ba."

Ta ce, "To, za a zare. Gyang, aikinka mai kyau ne, shi zai fara shiga da an buɗe ƙofa." Ta wuce batu na gaba.

Gyang ya miƙe ya ɗauki jakarsa ya sauka ƙasa. Oga ya jira aka gama taro, ya rufe ƙofar ofis.

"Malama Bilkisu, na yi wa mutane alkawari. Madam Talatu fa? Mu ɗora mata ita kaɗai, tunda facin a hannunmu yake."

"Oga, baƙinta su ne irin tsofaffin da abin ke kamawa. In akwai inda ba zan so a gwada sa'a ba, wurinta ne."

Ya shafa kansa, ya ce, "Allah ya sa kina da gaskiya." Bai tilasta ni ba, wannan kam ina yaba masa har gobe. Abin da muka yi shi ne na je Congo-Russia na koya wa wata ma'aikaciyarta yadda za ta kwantar da baƙi da hannu in inbata ta fara kuka.

Juma'a zubin ya fita ba sunan Gyang a ciki. Ya ci gaba da zuwa aiki, yana gaishe ni, "Ina kwana, Bilkisu," shi ke nan. Hajiya Gwaji ta ɓace daga bakinsa. Ni kuma na jera tsofaffin na'urorina na bar su suna juya gyaransa ba tsayawa.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da hantsi, aka yi ruwa mai ƙanƙara irin na Jos, wanda ke sa kwanon rufi ya hana ka jin maganar na kusa da kai. Wuta ta tafi. Ruwa na tsagaitawa wayar Oga ta yi ƙara. Madam Talatu ce. Janaretanta ya sha ruwa ya ƙi tashi, ma'aikaciyar da na koya wa tana ɗakin ɗibar jini da wata mai ciki da ta suma, ba wanda ya ji kukan inbata. Saba ta mutu da baƙinta a tsaye.

Ni da Gyang muka shiga keke ɗaya muka nufi wurinta. Mun ceto abin da aka adana zuwa daren jiya, amma sakamakon da aka shigar tun safe ya tafi. Wasu jinanen an riga an zubar. Dole a sake ɗiba.

A kan benci na ga wani dattijo da ya taso daga ƙauye tun asuba, bai karya ba saboda gwajin sukari. Ma'aikaciya tana yi masa bayanin cewa sai ya dawo gobe, kuma kada ya ci komai. Ya dubi audugar da ke manne a hannunsa, ya ce, "To, 'yata, Allah ya kai mu." Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Madam Talatu ta tsaya a kanmu, hannu a ƙugu. "Ba Injiniya ya ce mini kun yi abin da zai hana wannan ba? Ina yake?"

Na buɗe baki, Gyang ya riga ni. "Mama, ni na rubuta shi. An samu matsala a ciki, ba a gama tabbatar da gyaran ba. Shi ya sa ba a sa miki ba."

"Da an sa, da yau haka ta faru?"

Na ce, "Da ba ta faru ba, Mama. Ni na ce a jira."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Saboda me?"

"Saboda abin da na gani yana iya sauya sakamakon mutum ba wanda ya sani. Yau kin san abin da ya ɓace, kin san wa za ki kira. Wancan ba za ki sani ba."

Ba ta ce na yi daidai ba. Cewa ta yi, "Ku dai ku gama da wuri, mutane nake dubawa a nan," ta koma ciki.

A hanyar komawa, da muka kusa Terminus, Gyang ya ce, "Wannan baban, a ƙafa zai je tasha fa." Na ce na gani.

Makonni suka wuce, na'urorina suna ta juyawa. Matsalar ba ta sake leƙowa ba ko sau ɗaya. Na rubuta a dandali cewa yanzu na tabbata. Da aka buɗe ƙofa facin Gyang ya shiga tare da gyaransa, yadda ya rubuta shi tun ranar farko, ba a sauya ko harafi ba. Wato tun ranar Larabar nan shi ke da gaskiya. Da an fitar da shi, da ba abin da ya lalace, da dattijon nan bai sake shan allura ba.

Ni na fara gaya masa, ban jira ya gani a dandali ba. Na ce, "Gyaranka daidai yake tun farko."

"Na sani," in ji shi. Ya juya biro a hannunsa. "Har yanzu ina ganin da an sa shi. Ba zan yi miki ƙarya ba." Can ya jawo kwamfutarsa ya juyo mini da ita. Wani sabon faci ne da bai aika wa kowa ba tukuna. "Ki fara duba mini wannan. In kin ce e, na san e ne."

Da shi muka zauna muka mayar da gwajin nan nawa na hannu ya zama mai gudana da kansa, muka tura tsofaffin baƙinmu, bayan mun share duk bayanan mutane daga ciki, aka sa su cikin gwajin da ake yi wa kowane faci. Gyang ne ya rubuta mafi yawansa, wato shi ya gina tarkon da zai kama irin kuskurensa. Zubi na gaba ya fita da sunansa. Ni na je na ɗora wa Madam Talatu da hannuna.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. In kun tambaye ni ko na yi daidai, zan ce da za a mayar da ni ranar, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa. Amma kada wani ya gaya muku cewa jira ba shi da farashi. A makaranta ana koya mana cewa mai gwaji shi ne mai hana ɓarna, kamar in ka ce a tsaya ka wanke hannunka. Ba haka ba ne. In ka ce a fitar akwai wanda zai iya cutuwa, in ka ce a jira ma akwai, kuma sau da yawa ba ya cikin taron, bai ma san ana yi ba. Saboda haka duk ranar da kuka hana wani abu fita, ku tashi ku je wurin wanda yake jiransa, ku ga abin da jiran zai ci masa, ku rage masa iya ƙoƙarinku. Ni ranar na koya wa mutum ɗaya na dawo, yanzu kowa nake koya wa, har mai shara.

Sannan ku lura da bambancin abin da kuke zato da abin da kuka sani. Mutanen da ke wannan aiki yawancinsu ba za su taɓa ganin fuskarku ba. Ba su san gidanku ba, ba su san wanda ya koyar da ku ba. Maganarku kawai suke da ita, a kanta suke tura manhaja zuwa asibitocin da ku ma ba ku san da su ba. Za a zo ranar da abokinku yana zaune a gefenku, ogan yana kallon tebur, a tambaye ku ko kun tabbata. In kun tabbata ku ce e da ƙarfi. In ba ku tabbata ba, ku ce ba ku sani ba, ku kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya.